KARE MAI BIN MASU BABUR: A WUYAN WA NAUYIN YAKE?

 Mas'alar da za a tattauna a wannan zama, da yawa za su ɗauke ta ƙarama, har wani ya yi murmushi ya ce ashe kare ya kai a zauna a kansa. To ya kai. Abin da ke iya karya ƙafar magidanci, ya shiga tsakanin maƙwabta, ko ya kai yaro kabari, ya cancanci a zauna a kansa.

Duk wanda ya san ƙasar Ƙaraye da Rogo ya san matsayin babur a wurin jama'a. Tun shekarar 2013 doka ta hana goyo a babur a cikin birnin Kano, amma a karkara shi ne motar haya, shi ne jakin kai kaya kasuwa, shi ne kuma motar asibiti idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare. Masunci da mai noman rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, a kan babur suke sammako. Ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Rogo da Zarewa ko Fulatan, ko tsakanin Ƙaraye da Turawa, hanyarsa takan ratsa ta gefen gidajen gona da rugage da ƙofar mafarauta, wato wuraren da ake ajiye karnuka. A irin nan ne akan sami kare guda wanda kowa ya san shi, yana kwance a gindin bishiya, da jin ƙarar inji sai ya zabura ya nufo ƙafar mai tuƙi. Sau da yawa ma ba cizon ke fara yin ɓarna ba, faɗuwar ce: mutum ya firgita, ya kauce, ya shiga yashi ko kwazazzabo da mace da goyo a bayansa.

Abu na farko shi ne sanin halin dabbar. An halicci kare da ɗabi'u biyu, tsaron gurbinsa da kuma bin duk abin da ya gifta a guje. Babur ya tsokano duka biyun lokaci guda, ga ƙarar salansa, ga taya tana juyawa. Sa'annan kullum ya biyo, mai babur yakan ƙara wuta ya ɓace, shi kuwa karen a ganinsa shi ne ya kori baƙo daga ƙofar gida. Wato duk wanda ya tsere ya ƙara masa darasi ɗaya ke nan. Wanda kuma ya tsaya ya jefe shi da dutse ya koya masa cewa mai babur abokin gaba ne, gobe wani bawan Allah zai biya bashin.

A nan wajibi ne 'yan'uwa su bambance tsakanin mafaɗacin kare da mahaukacin kare. Karen da ya yi watanni yana bin mutane a wuri ɗaya, yana cin abincinsa, yana jin kiran mai shi, wannan mugun sabo ne ke damunsa. Shi kuwa mai cutar hauka, da zarar alamu sun bayyana a jikinsa ba ya wuce kamar kwana 10 a raye. Alamunsa su ne canjin hali farat ɗaya, yawo ba alƙibla, cizon itace da duwatsu da duk abin da ya tarar, dalalar yawu, canjin muryar haushi, ko muƙamuƙi ya saki ya kasa rufe baki. Wani ma ba ya faɗa ko kaɗan, sai dai ya lafe jikinsa ya shanye. Na farkon ana gyara shi da ɗauri da horo. Na biyun ba a kusantarsa, a janye yara a sanar da hukuma nan take.

Abu na biyu, yadda mai babur zai wuce lafiya. Kare ba bayan babur yake nufa ba, yakan yanko ne ya auna inda za su haɗu a gaba. Saboda haka masu koyar da tuƙi suke cewa, da an hango shi a rage gudu a sauko da giya, a bar shi ya gama awonsa, idan ya kusa isowa sai a murɗa totur a wuce, lissafinsa ya rushe. Kada a kai masa shuri, domin ɗaga ƙafa daga mataki yana karkatar da babur, kuma miƙa masa ƙafar aka yi. Kada a tsura masa ido a manta da hanya, don inda ido ya kalla can babur yake nufa. Idan hanyar yashi ce ko akwai kaya mai nauyi, gara a tsaya cak, a sauka ta ɗaya gefen, babur ya zama shinge tsakanin mutum da shi, a yi masa tsawa da murya ɗaya ba tare da gudu ba. Mafi yawan karnuka da abin ya daina motsi sukan rasa abin bi. Takalmi mai rufi da hular kwano kuwa, ranar faɗuwa ake sanin darajarsu.

To amma wannan duk dabarar tsira ce ta yini ɗaya. Asalin maganar tana wurin mai karen. Shari'a ta yi izinin riƙe kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron shuka, kuma wannan izini yana tafe da nauyi. Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi, sun kawo mas'alar a babin jini, har a cikin Muhtasar na Shehu Halilu: mutumin da ke riƙe da kare mai cizo, aka gargaɗe shi, ya yi sakaci har karen ya yi ɓarna, to lamunin ɓarnar yana wuyansa. 'Yan'uwa su lura da sharaɗin gargaɗi. Ma'anarsa, gunaguni a majalisa da zagi a tashar acaɓa ba su ɗora wa kowa komai ba. Abin da ke ɗora nauyi shi ne a je a sami mutum a faɗa masa a gaban shaidu.

Don haka nizamin da ya kamata a bi a fili yake. Mutum biyu ko uku masu natsuwa, har da dattijo guda, su yi sallama da mai karen a ƙofar gidansa, su faɗa masa rana kaza da wuri kaza abin da ya faru. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da za a nema a wurinsa uku ne: ya ɗaure karen ko ya killace shi a lokutan da hanya ke da jama'a, ya nisantar da makwancinsa daga bakin hanya, ya kuma kai shi a yi masa allurar rigakafi. Idan talauci ne uzurinsa, kuɗin sarƙa da turke bai fi ƙarfin 'yan tasha ɗaya su haɗa ba. Idan ya ƙi ji, sai a kai wa mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Ƙaraye da Rogo su ne ƙananan hukumomi biyu da dokar 2024 ta haɗa a ƙarƙashin masarautar Ƙaraye, kuma kowacce tana da sashen gona da malaman dabbobi. In an yi rauni ko asarar dukiya, ƙofar 'yan sanda da ta alƙali a buɗe take.

Abin da ba ya halatta shi ne matasa su yi gayya da gora da adda su afka gidan mutum, ko a zuba shinkafar ɓera ko fiya-fiya a cikin nama a jefa bakin hanya. Guba ba ta san wanda aka nufa da ita ba, kaji da awakin maƙwabta za su ci, yaro mai rarrafe yana iya ɗauka. Kuma a wurin da manomi da makiyayi suke zaune kafaɗa da kafaɗa, gawar kare guda tana iya zama sanadin fitinar da shekaru ba su kashe ta ba. Gaskiya ne ingantaccen hadisi ya lissafa kare mai cizo cikin dabbobin da aka yarda a kashe ko da mutum yana cikin harami, amma ingantaccen hadisi ne kuma ya ba da labarin wanda aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Idan abin ya kai ga kisa, shugabanni ne za su yanke, a yi shi cikin gaggawa ba tare da azabtarwa ba.

Abu na ƙarshe, kuma mafi nauyi, idan cizo ya riga ya auku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana shiga ta yawu, ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ke yaudarar mutane, rauni ya warke a ce an tsira. Ranar da tsoron ruwa da firgita suka bayyana, kusan babu wanda ke tashi.

Saboda haka da an ciji mutum, ko an yakushe shi har fata ta fashe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, a sa aidin idan akwai, kada a ɗaure shi tamau, kada mai kemis ya ɗinke shi. A ranar a nufi babban asibitin Ƙaraye ko na Rogo, idan ba a sami allurar a nan ba a wuce Kano ko Zariya. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yin ta ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, wani tsarin yana da ƙari a bayan mako 2, kuma wajibi ne a cika ta. A nemi ta tetanos ma. Toya gashin karen a shafa a rauni, ko ɗaura ganye, ba ya kashe wannan ƙwaya. Addu'a a yi ta a kan hanyar asibiti. Wannan rigakafi ba sabon abu ba ne, tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da shi a Faransa.

Shi kuwa karen da ya yi cizon, idan an san mai shi, a killace shi a sa masa ido kwana 10, amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwanakin ba, ya fara allura tun ranar. Idan karen ya mutu ko an kashe shi, kada a taɓa gawar da hannu tsirara, a kira malamin dabbobi, domin ana iya gwada ƙwaƙwalwarsa a tabbatar. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin irin wannan gwaji, tana kuma sarrafa allurar karnuka. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yawo a cikinsu.

A nan aikin matasa yake. 'Yan kowace tasha sun san karnukan da ke kan hanyarsu ɗaya bayan ɗaya, sun san masu su. Su rubuta su, su kai wa mai unguwa, su nemi a gayyato malamin dabbobi rana guda mafarauta da makiyaya da masu gidajen gona su kawo nasu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita aka ware a duniya don yaƙi da wannan cuta, ana iya ɗaukar ta a matsayin lokacin tunatarwa. Kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, kuma wanda ya bi ta ƙofar maƙwabci da ladabi har aka ɗaure kare guda, ya tsare ƙafafun da bai san adadinsu ba.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa a fita lafiya a komo lafiya.