Ruwa Da Baƙo A Birnin Agadas

 Maganar da za a yi yau ta wani birni ce a ƙasar Nijar, wanda kowane Bahaushe ya san sunansa ko bai taɓa taka shi ba, watau Agadas. Abin da ya sa aka zaɓe shi kuwa, akwai abu biyu da kan shigo masa ba sallama, ruwa da baƙo. Su ne kuma kan shigo kowane gari na ƙasar Hausa, sai dai a can al'amarinsu ya fi fitowa fili, gama hamada ba ta rufa wa mai sakaci asiri.

Agadas tana arewa da Damagaram, tafiyar mil wajen 280, a gindin duwatsun Asbin. Daga nan ne ayarin raƙuma kan tashi zuwa Fashi da Bilma ɗauko kantun gishiri, daga nan kuma gishirin kan gangaro kasuwannin Katsina da Kano, a musanya shi da gero da baƙin tufa. Agalawan Kano ma asalinsu Asbin ne. Har yau Hausa ce harshen ciniki a kasuwar birnin. Matafiyi tun yana nesa ya kan hangi hasumiyar masallacin Jumma'a, wadda aka gina da zallan ƙasa wajen 1515, aka sabunta ta a 1844, tsawonta ƙafa kusan 90.

Da Baturen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850, ya tarar da kangaye da yawa, ya ƙiyasta mutanen garin wajen 7,000. Ƙidayar 2012 kuwa ta sami fiye da mutum 110,000. Farin 1973 da na 1984 sun kashe wa Buzaye da Fulani dabbobi, suka baro daji suka kafa bukkoki a gefen gari. Haƙar yuraniyam a Arlit tun 1971 ta jawo leburori da 'yan kasuwa. Aka kuma ga zinariya a Jado a 2014, samari suka yi ta kwarara daga ko'ina. Garin da aka shata don ayarin raƙuma ya wayi gari yana ɗauke da jama'ar da ta ninka ta da fiye da sau goma sha biyar.

To, a fara da ruwa. Wanda bai san wurin ba ya kan zaci ƙishirwa kaɗai ce abin tsoro a can, domin ruwan da Agadas ke samu a shekara galibi tsakanin inci 4 da 6 ne, abin da Kano kan samu cikin mako biyu na tsakiyar damina. Amma duwatsun Asbin ba su shan ruwa. In hadari ya zuba a kansu, sai ruwan ya gangaro gaba ɗaya ya taru a ƙoramu. Babbar da ta bi ta gefen birnin sunanta Telwa. Yawancin shekara rairayi ne zalla, masu lambu na haƙa rijiyoyi a bakinta. Rana ɗaya kuwa, ko gajimare babu a kan gari, sai a ji rurinta daga arewa maso gabas.

Haka ya faru a farkon watan Satumba na 2009, cikin watan azumi. Aka yi ruwa mai yawa a kan duwatsu, Telwa ta cika, ta fasa madatsar da aka yi mata a sama da gari, ruwa ya shiga unguwanni. Gidaje dubbai suka zube, lambuna suka tafi, dabbobi suka halaka, mutane dubbai suka koma kwana a makarantu da filin Allah. Magina sun san dalilin zubewar. Gidan ƙasa, muddin ana kula da yaɓe da indararo, ruwan sama bai cika kā da shi ba. Ruwan da ya kwanta a gindin bango shi ke cin tushe, kafin gari ya waye soro ya durƙusa.

A nan akwai abin da ya shafi kowane mai riƙe da littafin filaye. Fili a kan hanyar ruwa ya fi kowane fili araha, saboda haka kullum talaka ne ke kwana a kansa. Ƙorama ta kan yi shekara goma ba ta cika ba, sai mutane su manta, wani ya nemi a yanka masa, mai yankan ya ga ba wanda zai yi ƙara, ya karɓi goro ya sa hannu. Ran da ruwan ya dawo neman hanyarsa, wanda ya sa hannun yana can gidansa a kan tudu. Mutanen Kano sun ga irin wannan a kududdufan birni da aka cike aka yi gini a kai. Mutanen Maiduguri kuwa sun ga mafi muni a watan Satumba na 2024, da madatsar Alau ta fashe, alhali ta taɓa yin haka a 1994. Duba madatsa da rani, da hana gini a kwari, da yashe magudana kafin ruwan fari, ayyuka ne da ba a yi wa mutum kirari a kansu, shi ya sa a kan bar su.

Sai maganar baƙo, wadda ta fi tsawo. Tun zamanin da, Sarkin Asbin yana da wani basarake da a ke kira Sarkin Turawa. Kada sunan ya ruɗi kowa: Turawa a bakin mutanen da, Larabawan Gadamus da Tarabulus ne masu zuwa fatauci. Aikinsa kula da fatake, da karɓar kuɗin fito, da sanin ayarin da ya shigo da wanda ya fita. Kowane baƙo kuma yana da mai masauki. Kowane ayari yana da madugu wanda ya san rijiyoyi, wanda kuma in an rasa mutum a hanya shi za a tambaya. A ƙasar Hausa ma haka abin ya ke, baƙo ba ya kwana a unguwa sai an kai labarinsa wurin mai unguwa.

Da mota ta gaji raƙumi, sana'ar ba ta mutu ba. Waɗansu 'ya'yan madugai suka koma yawo da Turawa masu zuwa kallon hamada. Tawayen 2007 ya kori masu kallon, sa'an nan mulkin Gaddafi ya faɗi a 2011, iyakar Libiya ta buɗe. Direbobin suka koma ɗaukar matafiya, samarin Nijeriya da Gana da Gambiya da Senegal da sauransu, masu zuwa neman aiki Libiya, waɗansu kuma da niyyar ƙetare teku zuwa Italiya. A lokacin, yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba su ikon zuwa har Agadas ba tare da biza ba. Kowace Litinin motoci kan tashi a jere da rakiyar soja zuwa Dirku, a fili, kowa na gani. Masu ƙidaya na ƙungiyar kula da ƙaura ta duniya sun lissafa fiye da mutum 300,000 da suka bi ta Nijar zuwa arewa a 2016 kaɗai. Mai sai da jarkar ruwa, da mai rawani, da mai tuwo, da bakanike, da mai gidan haya, duk daga nan su ke ci.

Ba za a ce abin yana tafiya daidai ba. An cusa mutane a gidajen da ba iska ba masai, an cuci mata, an karɓi cin hanci a shingayen hanya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, 7 maza. Motocinsu biyu ne suka lalace bayan sun baro Arlit, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mutanen wajen Kance ne ta ƙasar Damagaram, Hausawa, masu zuwa Tamanraset neman abin sa wa a baki. Allah ya jiƙansu. A cikin wannan shekara kuma, ran 23 ga Mayu, 'yan ta'adda suka tayar da bam a mota cikin barikin soja na Agadas, suka kashe soja wajen 20. Duk mai hankali ya san tilas hukuma ta yi wani abu.

Abin da ta yi shi ne dokar 26 ga Mayu na 2015, wadda ta mai da ɗaukar baƙi zuwa iyakar arewa laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da ƙwace mota. Ƙasashen Turai sun matsa a kai, sun kuma ba da kuɗi. Daga 2016 aka fara zartar da ita da ƙarfi, aka kama direbobi, aka tara motoci a barikin soja har rana ta ƙone tayoyinsu. A takarda aiki ya yi kyau, gama yawan masu wucewa ta shingayen ƙidaya ya ragu ƙwarai.

Amma ga abin da takardar ba ta nuna ba. Rijiyoyin hamada kaɗan ne, soja kuma sun san su duka, sai suka tsare su. Direban da ke tsoron kamu ya bar hanyar rijiya ya bi ta inda ba alama, da dare, shi kaɗai. Tsofaffin direbobi masu iyali da suna a gari da yawa sun ajiye sana'ar, waɗanda ba su da abin rasawa suka ɗauka, kuɗin mota ya hau. In mota ta lalace ba mai wucewa da zai taimaka. In direba ya hangi ƙurar sintiri, ya kan sauke mutane ya ce zai dawo. A tsakiyar 2017 mutum 44, 'yan Gana da Nijeriya, har da jarirai, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku. Waɗannan an san adadinsu domin 'yan kaɗan sun tsira sun kai labari. Cikin gari kuma gidajen saukar baƙi suka koma bayan gari, ƙofa kulle, mai unguwa bai san mutum nawa ke ciki ba, malamin tsabta ba ya shiga, wanda aka zalunta ba ya iya kai ƙara don kada a kama shi da mai gidansa. A farkon 2017 ɗin kuma gwamnati ta rufe haƙar zinariya a Jado, samari suka dawo gari hannu rabbana. Diyyar da aka yi wa tsofaffin direbobi alkawari, kaɗan daga cikinsu ta isa wa.

Ba a ce kada a yi doka ba, kuma azzalumin da ya bar mata da yara a rairayi ya cancanci fiye da shekara 10. Abin lura ga ma'aikacin hukuma shi ne bambancin da ke tsakanin hana abu da daina ganinsa. Matafiyin da yunwa ta koro daga gida zai tafi, ko an yarda ko ba a yarda ba. Abin da ke hannun hukuma shi ne ta san sunan direbansa, da lambar motar, da yawan mutanen da ke ciki, da jarkar ruwa nawa aka ɗaura, da ranar da ya kamata su isa, har in ba su isa ba a bi sawu. Wannan aikin Sarkin Turawa ne da madugu, an kuwa yi shi shekaru aru-aru ba takarda. Hakimin da ya kori masu sana'ar da ba ya so daga tsakiyar kasuwa, ya ga kasuwa ta yi fes, ya kamata ya aika a dubo masa inda suka koma.

Gwamnatin soja da ta karɓi mulkin Nijar a watan Yuli na 2023 ta soke dokar a watan Nuwamba na shekarar, aka saki waɗanda aka ɗaure a kanta, motoci suka koma tashi daga tasha da rana. Duk da haka nauyin Agadas bai sauka ba, domin baƙi suna zuwa mata ta arewa ma. Hukumomin Aljeriya sun yi shekaru suna kwaso baƙin da ba su da takarda, suna sauke waɗanda ba 'yan Nijar ba a bakin iyaka, inda za su taka wajen mil 9 a rairayi kafin su kai ƙauyen Asamaka. A 2024 waɗanda aka koro ta wannan hanya sun wuce 30,000. Daga Asamaka a kan kai su Arlit, daga Arlit zuwa Agadas, inda waɗansu kan yi watanni suna jiran a mai da su gida, suna shan ruwan famfon da 'yan gari ma kan yi layi a kansa da bazara.