Dafi a Cikin Gida



Zan fara daga kalma guda, watau "magani". Bahaushe yakan ce maganin zazzaɓi, ya ce maganin sauro, ya ce maganin ɓera. Na farko don warkarwa aka yi shi, sauran biyun kuwa don kisa, amma suna ɗaya muka ba su. Babba ya san bambancin. Yaro ɗan shekara biyu bai sani ba. Duk abin da hannunsa ya kai, baki zai kai shi.

Mu ɗauki kananzir. Akan sayo shi a kwalbar lemo ko gorar ruwa, a ajiye a gindin murhu. Yaro ya dawo daga wasa da ƙishirwa, ya ga abu garau kamar ruwa, ya kurɓa. Nan da nan sai a ɗura masa manja ko madara, a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Wannan kuwa shi ne babban kuskure, domin ɓarnar kananzir a huhu take, aman kuma shi ne ke tura shi can. Haka nan sodar da mata ke yin sabulu da ita: ta ƙona maƙogwaro wajen shiga, in an tilasta amai ta sake ƙona shi wajen fita.

Sai fiya-fiya da Sniper, masu sinadarin da aka yi domin ƙwarin gona, muka mai da su maganin sauro a ɗakin kwana. Wannan dafi yana shiga ta baki, ta hanci, har ta fata. Alamunsa su ne dalalar miyau, da gumi, da sarƙewar numfashi. Saboda yawan rayukan da ya ci, a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kantuna da kasuwanni.

Har wa yau, kada mu manta da Zamfara a 2010, inda aka riƙa niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, ƙurar dalma ta halaka yara fiye da 400.

To, mene ne abin yi? Kowane dafi ya zauna cikin mazubinsa na asali, a kulle, a sama, nesa da abinci. Kada a gauraya bilic da ruwan wanke masai, domin iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. In kuwa abin ya auku, a tuɓe tufafin da ya jiƙa, a wanke fata ko ido da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti tare da kwalbar, don likita ya san abin da aka sha.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma kwalbar da aka bari a ƙasa sunanta sakaci. Ku ma'aikata da ɗalibai, ana jin maganarku a garuruwanku. Ku isar da wannan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.