Ƙurajen Fuskar Jariri: Wanda Ake Bari da Wanda Ake Kaiwa Asibiti

   

Yau hirar tamu a kan fuskar jariri take. Na san da yawanku kun taɓa ganin abin nan: an haifi yaro fuskarsa sumul, an yi suna lafiya, sai bayan sati biyu ko uku ki wayi gari ki ga ƙananan ƙuraje sun feso masa a kumatu da goshi, wani lokaci har haɓa da fatar kai. Nan take hankalin uwa ya tashi, musamman mai haihuwar fari.

Ni kaina na sha wannan a kan 'yata ta fari. Ina gidanmu wankan jego, tana da kwana ashirin da 'yan kai, ƙurajen suka fito. Duk wadda ta shigo barka sai ta faɗi nata. Wata ta ce nonona ne ya yi zafi, in dakata da ba ta. Wata ta ce maiƙo nake ci da yawa. Gwaggona kuwa, don ƙauna, ta aika kemis aka sayo wani man shafawa. Na shafa mata kwana uku, ƙurajen suka kwanta, na yi murna. Ina dainawa suka dawo sun fi na da, wajen kuma ya yi wani haske-haske. Sai ranar da muka je rigakafin sati shida ma'aikaciyar jinya ta karɓi man ta duba, ta gaya mini na manya ne, kuma da na ƙyale ƙurajen da kansu za su tafi. Na jefar da man, kafin yarinyar ta cika wata uku fuskarta ta washe, ko tabo babu.

To uwargida, bari mu rarrabe su, domin ƙurajen jarirai ba iri ɗaya ba ne.

Akwai farare ƙanana kamar kan allura, waɗanda ake gani a karan hanci da kumatu tun ranar haihuwa ko 'yan kwanaki bayanta. Likitoci suna kiransu miliya, kuma kusan rabin jarirai suna zuwa da su. Ba ruwan ƙwayar cuta a ciki, matacciyar fata ce ta taru a ƙarƙashin sabuwa. Cikin 'yan makonni suke ɓacewa.

Akwai kuma masu fitowa a rana ta biyu ko ta uku, jajaye da ɗan fari ko rawaya a tsakiya, a fuska da ƙirji da baya. Yau ki gan su nan, gobe sun koma can. Su ma cikin sati ɗaya zuwa biyu suke wucewa. Sai wasu da aka fi gani a jikin 'ya'yanmu baƙar fata: ana haihuwar yaro da 'yan ƙuraje masu ruwa, su fashe da wuri su bar ɗigo-ɗigon baƙi, ɗigon kuma ya dushe a hankali cikin makonni ko 'yan watanni. Waɗannan ba su da illa, amma duk ƙurji mai ruwa a jikin sabon haihuwa, ki nuna wa ma'aikacin lafiya ya tabbatar miki, kada ki yanke hukunci da kanki.

Sai waɗanda suka fi tayar mana da hankali, irin na 'yata, masu kama da ƙurajen balaga. Kusan jariri ɗaya cikin biyar yakan yi su, yawanci tsakanin sati 2 zuwa 4 da haihuwa. Masana sun danganta su da abu biyu. Na farko, sinadaran jiki da ake kira homon, na uwa da suka ratsa wa yaro tun yana ciki da kuma nasa, su ne suke sa fatarsa ta riƙa fitar da maiƙo da yawa. Na biyu, wata ƙwayar halitta dangin yis da take zaune a fatar kowa, babba da yaro, wadda maiƙo ne abincinta. Fatar jariri sabuwa ce, ba ta saba da ita ba, sai ta yi ƙuraje. Za ki lura sun fi tashi idan ya yi kuka ko ya ji zafi. Ba sa yi masa ciwo, ba sa hana shi barci ko shan nono, kuma galibi kafin wata 3 zuwa 4 sun tafi ba tare da tabo ba.

Na ƙarshe su ne ƙurajen zafi, kuma waɗannan sau da yawa mu ne muke jawo su. Ana tsakiyar bazara, an sa wa yaro hula da safa da rigar sanyi, an naɗe shi da bargo, an rufe taga, ga garwashi a ɗakin mai jego. Zufa ta rasa hanyar fita, sai ƙuraje a wuya da goshi da matsematsi. Maganinsu a rage masa kaya, a sa masa na auduga, a bar iska ta shiga ɗaki. Ki taɓa bayan wuyansa, in kin ji gumi, kayan sun yi yawa.

To me za ki yi? Aikin kaɗan ne. Sau ɗaya a rana ki wanke masa fuska da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, ki tsane da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba. In ya yi tumbuɗi ki goge masa da wuri. Ki wanke hannunki kafin ki taɓa fuskarsa, ki yanke masa farce.

Abin da za ki bari ya fi abin da za ki yi yawa. Kada ki matse, kada ki bari wata ta matse. Farce yana buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa, kuma nan ne tabo yake samuwa. Kada ki lafta masa man zaitun ko man kaɗanya ko wani mai a inda ƙurajen suke, domin maiƙo ƙara su yake yi. Hoda kuma yaro yana shaƙarta ta shiga huhunsa. Sabulu mai ƙarfi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da wasu suke ɗigawa a ruwan wanka suna busar da fatarsa, har su ƙone ta. Toka da saiwa da jiƙe-jiƙe, duk a ajiye su.

Wanda na fi jan kunne a kansa shi ne man kemis, irin wanda ake cewa yana maganin kowace cutar fata. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. Shi ne yake kwantar da ƙurji nan da nan har ki zaci an dace, amma yana sirantar da fata, yana canza launinta, kuma da yake fatar jariri ba ta da kauri, yana ratsawa ya shiga jikinsa. Garin neman gira kada a rasa ido. Ke kuma da kike shafa man ƙara haske, ki tuna kumatun ɗanki a ƙirjinki da hannunki suke kwana, abin da kika shafa shi ma ya shafa.

Batun nono kuwa, 'yar uwa, ki riƙe wannan da kyau: nononki ba shi da laifi, abincin da kike ci ba shi ya jawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6. Uwar da ta janye nono saboda ƙurajen da za su tafi da kansu, ta buɗe wa ɗanta ƙofar gudawa da rama, waɗanda su ne masu kisa. Iyayenmu kakanni da ungozomomi da kuke saurare, mun san ƙaunar jikokinku ce take sa ku neman magani, ku taimaka mana da kwantar wa masu jego hankali.

Yanzu ga inda ba a jira. Ki kai shi asibiti a ranar, ko dare ne, idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan tare da ƙurajen: jikinsa ya yi zafi, wato digiri 38 ko fiye in kina da ma'aunin zafi, ko kuma ya yi sanyi ƙalau, ya ƙi kama nono, ya yi laushi, barci kawai yake yi da ƙyar ake tashinsa, numfashinsa ya yi sauri ko yana nishi, ƙurajen sun zama manyan bororo masu mugunya, ko suna yin ɓawo rawaya suna yaɗuwa, fatarsa tana saɓulewa kamar wanda ya ƙone, gefen cibiyarsa ya kumbura ko tana wari. Haka nan idan kin ga ƙananan bororo masu ruwa sun taru wuri ɗaya, musamman kusa da ido ko baki. Irin wannan yana iya zuwa daga babban da yake da ƙurajen zazzaɓi a leɓe ya sumbaci yaro, kuma ga jariri cuta ce mai haɗari ƙwarai. Don haka mai irin wannan ƙurji, ko 'yar uwarki ce ta jini, ta yi barkarta ba tare da sumba ba. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 ba a gwada masa magani a gida, domin ciwo yana cin jikinsa cikin sa'o'i.

Akwai kuma wanda ba na gaggawa ba ne amma yana son ganin likita: ƙurajen da suka fara fitowa bayan sati 6, ko suka wuce wata 4 ba su tafi ba, ko suke da baƙin kai, domin waɗannan suna iya barin tabo. Haka fatar da ta bushe tana ƙaiƙayi har yaro yana goga fuskarsa a shimfiɗa.

Na san da yawanmu ba ma fita sai da izinin maigida, kuma wani lokaci yana kasuwa ko ya yi tafiya. Shawarata ita ce, tun yau da yaro yake lafiya, ki zauna da shi ki lissafa masa alamomin nan. Ku yi magana a kan wanda zai raka ki da inda za a sami kuɗin mota in abin ya taso ba ya nan. Malam maigida, in kana kusa da rediyo, wannan izini na gaba-gaɗi yana iya zama sanadin ceton ran ɗanka.

Nan za mu dakata a yau. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.