Furfurar Kili: Jawabi Bisa Launin Dawakin Fada



A cikin abubuwan da suka raka wannan sarauta shekara ɗari cur akwai doki. Ranar hawan salla, in tambari ya yi ƙara, kakaki ya amsa, babu dokin da ke ɗaukar idon jama'a kamar farin kili. To, mafi yawan waɗannan fararen dawaki da launi mai duhu suka zo duniya, kuma shamaki da ƴan barga sun daɗe da sanin haka.

Goɗiya takan haifi duƙushi baƙi wuluk kamar akawali, ko ja kamar aharas. Kafin ya shekara sai farin gashi ya fara zagaye idanunsa da bakinsa. Duk lokacin da ya zubar da gashi ya sake sabo, farin na ƙaruwa. In ya tasa sai ya zama hurde, jikinsa ya yi zobe-zobe kamar an jera masa sulallan azurfa. Da yawansu kan yi fari fat tsakanin shekara 6 da 8, wasu sai sun haura 10. Akwai kuma waɗanda in sun manyanta ɗigo-ɗigo ja kan fito musu bisa farin, kamar ƙwan zabuwa. Doki ɗaya ke nan ya amsa suna uku a rayuwarsa.

Ilimin zamani ya bayyana dalili. Jikin doki yana ɗauke da zaren gado 64, waɗanda masana ke kira kuromozom, 32 daga uba, 32 daga uwa. Bisa waɗannan zaruruwa ƙwayoyin gado suke jere. Biyu daga cikinsu ke tsara launukan asali guda uku: baƙi, da ja tsantsa, da bikili mai jan jiki da baƙar geza da wutsiya da ƙafafu. Ja yakan ɓuya a cikin jini, shi ya sa baƙin ingarma da baƙar goɗiya ke iya haifar jan duƙushi, amma ja tsantsa da ja tsantsa ba su haihuwar baƙi.

Ƙwayar furfura ita kuma hawa take bisa kowane ɗaya daga launukan nan. A shekarar 2008 masu bincike na Jami'ar Upsala ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin jagorancin Leif Andersson, suka gano mazauninta a zare na 25, cikin ƙwayar da ake kira STX17, inda wani ɗan yanki ya maimaitu. Binciken ya nuna cewa dawaki masu furfura daga kaka ɗaya suka gado ta, wanda ya rayu shekaru dubbai da suka wuce. Wannan gado ba ya ɓuya, ba ya tsallake haihuwa. Duk dokin da ya yi furfura, to, uwarsa ko ubansa na da ita. Wanda ya gado ta daga ɓangare ɗaya yakan ba kimanin rabin ƴaƴansa. Wanda ya gado ta daga uwa da uba duka yakan ba dukkansu, kuma ya fi saurin yin fari. Saboda haka bargar da ta sayar da kilinta da hurdenta gaba ɗaya ta yanke zuriyar, sai dai ta sayo daga waje.

Yadda abin ke aiki ya yi kama da marina. A gindin kowane gashi akwai ƙananan ƙwayoyi masu rina shi, tamkar masu rini a bakin karofi. Gadon furfura yana sa su yawaita da gaggawa, har ajiyarsu ta ƙare da wuri, gashi ya riƙa fitowa babu rini. Fata kuwa tana nan baƙa, ido ma baƙi. Da haka ake bambanta shi da dokin da aka haifa da hasken gashi da fata ja-ja, irin wasu gunya, da kuma bidi na haihuwa, wanda kansa da ƙafafunsa ke zama da duhu har tsufa.

Wannan kyau yana tafe da nauyinsa. Ƙwayoyin rinin da suka ƙare a gashi suna yawaita a fata, har su taru su zama baƙin ƙari. An ƙiyasta cewa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na dawaki masu furfura da suka haura shekara 15 suna da shi, galibi a ƙarƙashin wutsiya, da gefen dubura, da leɓe, da fatar ido. Yawancinsa a hankali yake girma, amma wani yakan toshe hanyar kashi, ko ya bazu cikin jiki ya kashe doki. Ya kamata ɗan barga ya riƙa ɗaga wutsiya duk ranar wanka. In ya ji ƙullutu, ko da bai fi gujiya ba, a kira likitan dabbobi tun yana ƙarami, kada a yi masa sakiya ko lalas.

Akwai darasi ga kasuwa ma. Farin gashi ba ya faɗin shekarun doki, haƙori ke faɗi, domin doki yakan gama famfara wajen shekara 5. Haka nan wanda ya ba da kiwon baƙin duƙushi aka maido masa hurde, kada ya yi saurin cewa an yi masa musanya. A jiƙa dokin da ruwa a duba. Farin goshi da farar ƙafa na haihuwa fatarsu ja-ja ce, kuma za ta bayyana a inda take tun farko, ko da jiki duka ya yi fari.

Abin da ake roƙo ga fada da masu dawaki shi ne a buɗe littafin barga, a riƙa rubuta uwar kowane duƙushi da ubansa, da shekarar haihuwarsa, da launin da ya zo da shi, da alamun jikinsa. Da haka masu zuwa za su san asalin kilin da za su hau, yadda aka san jerin sarakunan wannan gida.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya albarkaci barga da masu kula da ita. Amin.