Kyamarar Daji: Wacce Za Ka Saya, Kuma Me Za Ka Yi Da Abin Da Ta Nuna Maka?

Ga rubutun shirin kamar yadda muka saba sakawa, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Yau maganar daji za mu yi. Saƙonni sun taru a kan kyamarar nan da ake ɗaurewa a jikin bishiya, a tafi a bar ta, ta riƙa ɗaukar hoton duk dabbar da ta gifta, dare da rana. Wasu matasa mafarauta ne, sun gan ta a YouTube a hannun Amurkawa masu farautar barewa. Wasu manoma ne da ke son sanin abin da ke cinye musu gyaɗa da masara cikin dare. Tambayar dai ɗaya ce: wacce zan saya? To, bari mu bi ta daki-daki.

Da farko, yaya take aiki? Wannan kyamara ba motsi kawai take gani ba. Akwai wata 'yar na'ura a gabanta mai jin ɗumi. Idan wani abu mai ɗumin jiki ya ratsa gabanta, ɗuminsa ya bambanta da na wurin, sai ta farka ta ɗauka. Ku riƙe wannan da kyau, don nan ne matsalarmu take. Yawancin kyamarorin nan an tsara su ne da masu saye na Amurka da Turai a rai, inda ake farauta lokacin sanyi. Mu kuwa a watan Maris da Afirilu zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce. Zafin jikin gada ko barewa ma kusan haka yake. Ka ga da tsakar rana dabba na iya wucewa, kyamara ba ta ji ta ba. A gefe guda kuma, ciyawar da rana ta gasa, iska na kaɗa ta, sai ta sa kyamara ta yi ta ɗaukar hoton banza har kati ya cika. Saboda haka ka nemi wadda ake iya ƙara mata ko rage mata ƙarfin ji. Wadda ba ta da wannan, ka bar wa mai ita.

Na biyu, kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta 32MP, wasu har 48MP, da manyan baƙaƙe. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A da yawa daga cikinsu ainihin idon bai wuce megafiksel 5 ba, manhaja ce ke buɗa hoton ya yi girma, ya cinye maka wuri a kati ba tare da ya ƙara fitowa ba. Ka ce mai sayarwa ya nuna maka hoton dare da ita kanta kyamarar ta ɗauka. Na rana kowace tana yin kyau. A na dare ake gane ta ƙwarai, kuma namun daji da yawa da dare suke fita.

Lambar da ta fi wannan amfani ita ce saurin farkawa. Daga lokacin da ta ji dabba zuwa lokacin da ta ɗauka, sakan nawa ne? Idan ya kai sakan guda, wallahi wutsiya kawai za ka riƙa samu. Ka nemi rabin sakan ko ƙasa da haka. Sannan ka duba nisan da take ji da nisan da fitilarta ke kaiwa. Mita 20 ya wadatar, amma su biyun su yi daidai. Idan tana ji daga nesa, fitila ba ta kai can ba, baƙin hoto za ka tarar.

Na uku, fitilar dare. Iri uku ce. Akwai mai farin walƙiya, tana ba da hoto mai launi, amma tana tsorata dabba, kuma tana sanar da duk mai wucewa cewa ga ta nan. Akwai wadda za ka ga an rubuta 850nm, tana yin ɗan ja-ja kamar garwashi idan tana ɗauka. Sai mai 940nm, wadda idon mutum ba ya ganin haskenta. Hotonta ya ɗan fi duhu, amma a wajenmu ita nake ba da shawara. Dalili kuwa, dajinmu ba fayau yake ba. Makiyaya na bi, masu itace na bi, yara na bi. Abin da ke ƙyalli a jikin bishiya ba ya kwana biyu.

Na huɗu, batiri da kati. Yawanci ƙananan batura 8 suke ci, irin na tocila ƙarama. Na bakin titi masu araha ba sa jimawa, kuma suna iya zubar da ruwa su lalata maka na'ura. Na litiyam sun fi, sai dai tsada. Idan za ka sa masu caji, ka tabbata kyamarar na karɓarsu, don ƙarfinsu bai kai na sauran ba. Bidiyon dare shi ke shanye batiri, ka saita ta a hoto kawai idan za ka daɗe ba ka leƙa ba. Kati mai giga 32 ya isa, kuma ka sayi biyu, kana cire ɗaya kana sa ɗaya. Ka duba kuma an rubuta IP66, wato tana jure ƙura da ruwan sama. Mai hunturu da damina a gabansa ya san amfanin wannan.

Akwai masu layin waya, waɗanda ke turo maka hoto kai tsaye. A nan ku yi hattara sosai. Da yawa daga na Amurka an ɗaure su da kamfanonin wayar can, AT&T ko Verizon, da kuɗin wata-wata. Ka kawo ta nan ta ƙi MTN, ta ƙi Airtel. Ko ta karɓa ma, akwai sabis a inda za ka ɗaure ta? Kamfanonin da suka yi suna akwai Bushnell da Browning da Reconyx, farashi kuma daga ƙasa da dala 50 har sama da dala 400. Ni dai a ganina, matsakaita biyu sun fi mai tsada ɗaya, don ranar da aka sace ba ka tashi a tutar babu ba.

Wajen ɗaurawa, ka sa ta daidai gwiwa idan ƙananan dabbobi kake nema, ta fuskanci arewa ko kudu, kada fitowar rana da faɗuwarta su buge ta a ido. Ka share ciyawar gabanta. Ka tuna da gobarar daji, ka tuna da biri da kura, dukkansu suna taɓa abin da ba su sani ba.

To, yanzu ga maganar da ta fi damuna.

A jihar Arizona ta Amurka, hukumar kula da namun daji ta haramta amfani da wannan kyamara don farauta, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022. Me ya sa? Ƙasa ce mai fari, ruwa kaɗan ne, dole kowace dabba ta zo mashaya. Mafarauta suka cika mashayun da kyamarori, kullum ana zirga-zirgar duba su, dabba ba ta da sukunin shan ruwa, ba ta da wurin ɓuya. Jama'a, wannan ba shi ne halin dajinmu da rani ba? Ku dubi Yankari a jihar Bauchi, da aka keɓe tun 1956. Da rani namun dajin a bakin kogin Gaji suke taruwa. Haka kowane daji namu yake, da tafki ɗaya ko biyu da suka rage. Wanda ya ɗaure kyamara a nan ya san ranar zuwa da sa'ar zuwa. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Idan an cire gudun fa? Shekara nawa zomon zai yi?

Ku tambayi dattawan mafarauta a garinku yaushe rabonsu da ganin gwanki ko ɓauna a dajin da suka taso suna shiga. Amsar ba za ta yi muku daɗi ba.

Amma kyamarar nan tana da wani amfanin. A shekarar 2020 ƙungiyar WCS ta fitar da hotunan da irin wannan kyamara ta ɗauka a tsaunukan Mbe na jihar Kuros Riba: garken gorila da jariransu, irin da bai fi kimanin 300 suka rage a duniya ba. Na'ura ɗaya ce, abin da aka yi da hoton ne ya bambanta. Mafarauci ma zai iya haka. Idan hotunan wata guda suka nuna maka gada biyu kawai ke zuwa, ɗaya da ɗa a bayanta, ka san ba wurin harbi ba ne bana. Kakanninmu da sawu da kashi suke gane wannan, kai ga shi an ba ka a hoto.

Abu uku nake roƙo. Kada ka shiga da ita Yankari ko Gashaka Gumti ko wani keɓaɓɓen daji, farauta a can laifi ne a doka. Ka sanar da mai unguwa da Sarkin Baka kafin ka ɗaura, don a halin tsaron da muke ciki, mutumin da aka gani yana ɓoye na'ura a daji ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri, ko daga wannan ɓangare ko daga wancan, kuma rai ake magana. Dajin da 'yan bindiga ke ciki kuwa, kada ma ka fara. Sannan idan ta ɗauki hoton matar wani tana itace ko yaro yana kiwo, ka goge. Ba don su ka ɗaura ba, ba na sakawa a WhatsApp ba ne.

Masu ita a cikinku, ku faɗa mana wace iri ce, wata nawa batirinta ya yi, da yadda ta yi da zafin bazara. Sauran 'yan'uwa za su ƙaru kafin su kashe kuɗinsu.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.