Malami Ma Mai Bincike Ne: Jawabi Ga Matasan Tasawa Da Mayahi



A gwajin PASEC na 2014, cikin yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake nema a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya. Ba zai gaya wa malamin da ke ƙarƙashin rumfar zana a wani ƙauyen Mayahi wane yaro ne ya maƙale ba, balle harafin da ya tsayar da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Shi ya sa nake so mu yi magana kan bincike cikin aiki, dabarar da Kurt Lewin ya yaɗa a Amurka a shekarun 1940. Ka gano matsala ɗaya, ka gwada gyara, ka auna, ka sake gyarawa.

A ce malama ce mai aji uku a Tasawa. Ta kira yara ɗaya bayan ɗaya: wa ya san baƙaƙe, wa ke haɗa kalma, wa ke karanta jimla. Ta kasa su rukuni-rukuni bisa abin da kowa ya iya, su yi rabin awa kullum har sati shida, sannan ta sake aunawa. Ƙungiyar Pratham ta ga amfanin irin wannan kasawa a Indiya. Idan kuma fashi ne matsalar, littafin kiran suna zai nuna ko ranar kasuwa ce, ko lokacin girbin hatsi, ko 'yan mata ne aka fi tsarewa a gida. Ai kowanne da maganinsa.

Wani zai ce: aji cike, alli babu, albashi a makare, ina lokacin bincike? Gaskiya ne, kuma wannan dabara ba ta sauke wa gwamnati nauyinta ba. Amma mai zuwa gaban sufeto da alƙaluma a hannu ya fi mai zuwa da kuka kawai.

Wuraren zama ma muna da su. Akwai CAPED, inda malamai ke haɗuwa su ƙaru da juna. Can ya kamata malama ta kai sakamakonta, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Akwai kwamitin COGES, inda iyaye ke da baki.

To mu matasan gari fa? Kowa ya zaɓi makaranta ɗaya a unguwarsu ko ƙauyensu, ya nemi izinin darakta, ya taya malami aunawa da rubutawa. Ka je a matsayin mataimaki, kada ka saka hoton yaro ko sunansa a Facebook. Bayan sati shida mu dawo nan, kowa da takardarsa.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka.