Oba-Oba a Hannun Iyali: Inda Ya Kamata a Fara



A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan wayar salula a Jihar Zamfara saboda sha'anin tsaro, sa'an nan rufewar ta shafi wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. A nan Jihar Kaduna sai a watan Nuwamba aka buɗe. Mutanen da tun 2001 suka saba da waya a aljihu, sai suka wayi gari magidanci ba shi da hanyar sanin ko ɗansa ya isa inda aka aike shi. Tun daga lokacin wasu iyalai suka fara tambayar ko akwai na'urar da ba ta dogara da turken kamfani ba. Akwai ta kuwa, kuma tsohuwa ce: ita ce oba-oba ɗin da ake gani a hannun 'yan sanda da masu gadi. Sunan ya fito ne daga kalmar Turanci da mai magana kan faɗa in ya kai aya, ma'anarta, "na gama, saura kai."

Wannan suna ya bayyana halin na'urar. Ba a magana biyu a lokaci guda. Mutum ya danna maɓalli ya yi magana, ya saki ya saurara. Muryar tana tashi daga eriyar wannan ta faɗa eriyar wancan kai tsaye, babu kati, babu kuɗin kira.

Amma fa mai son farawa, ba daga kasuwa zai fara ba, daga doka zai fara. Dokar Wayar Iska ta 1961 ta hana kafa tashar aika saƙo ta iska, ko amfani da ita, sai da lasin. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ita ke kula da zangunan kamfanonin waya, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya kuwa ita ke ba da lasin ga masu amfani da rediyo ba don kasuwanci ba. Dalilin dokar a fili yake. Zango kamar burtali ne, na kowa ne, kuma yana da iyaka. Da yawa daga cikin ƙananan na'urori masu araha ana iya saita su a kan kowane zango cikin faɗi mai yawa, har da na jami'an tsaro da na 'yan kwana-kwana. Wanda ya kunna bai san inda ya sauka ba yana iya danne kiran gaggawa na wani. Ga kuma haɗarin da ya fi kusa: jami'an tsaro sun sha kama 'yan bindiga da irin waɗannan na'urori, don haka mai ɗauke da ita a shingen bincike ba tare da takarda ba, ya jawo wa kansa tambayoyin da ba za su yi daɗin amsawa ba.

Yana da kyau a dubi yadda wasu ƙasashe suka sauƙaƙa wa iyali wannan al'amari. A Amurka akwai tsarin da ake kira GMRS, a kan zangon megahaz 462 da 467. Duk wanda ya kai shekara 18 yana iya neman lasin ba tare da jarrabawa ba. Tun 2022 kuɗinsa dala 35 ne, yana aiki shekara 10, kuma lasin guda ya wadaci mai gida da matarsa da 'ya'yansa da iyayensa. A Turai an keɓe zangon megahaz 446 wanda ba ya bukatar lasin, da sharaɗin ƙarfin na'urar kada ya wuce rabin wat. Ma'aikatan da ke zaune a nan, waɗanda wata rana takardar shawara za ta bi ta teburinsu, lalle akwai abin nazari a cikin wannan. Sai dai lasin Amurka ba shi da amfani a Kwangila, kuma na'urar da aka halatta a Landan ba ta zama halal a Zariya don kawai an sayo ta a can.

Bayan doka sai nisa, kuma nan ne mai saye ya fi yawan yaudarar kansa. A jikin kwali akan rubuta kilomita 30 ko fiye. Wannan lissafin tsakanin kan dutse ne da kan dutse. Igiyar wannan zango miƙewa take yi kamar haske, ƙasa kuwa a lanƙwashe take. Eriyar da ke hannun mutum tsaye, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, iyakar ganinta wajen kilomita 5 ne. Mutum biyu a fili fetal, kilomita 10 ke nan in komai ya yi daidai. A cikin gari, inda akwai bango da rufin kwano da itatuwa, abin kan dawo kilomita ɗaya ko biyu. Saboda haka uwar gida a Samaru za ta iya jin ɗanta daga Kasuwar Samaru ko bakin ƙofar jami'a, amma kada ta sa rai za ta ji maigidan da ke rumfarsa a Kasuwar Sabon Gari.

Maganin wannan tudu ne, ba ƙarin ƙarfi ba. In an ninka tsawon eriya sau huɗu, nisan ya ninka sau biyu. Eriya a kan mita 30 tana ganin fiye da kilomita 20. Shi ya sa akan ɗora na'urar maimaitawa a wuri mai bisa, irin ginin Majalisar Dattawan Jami'ar Ahmadu Bello ko dutsen Kufena: ta karɓi murya a zango ɗaya, ta sake ta a wani. Wannan ya fi ƙarfin gida guda, aikin unguwa ne ko ƙungiya, kuma shi ma da nasa izinin.

Wani abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, oba-oba ba ta riƙe sirri. Lambobin da ake kira na keɓewa toshe wa mutum kunne suke yi daga hirar wasu, ba su hana wasu jin tasa. Duk mai na'ura a kan zangon yana ji. Don haka ba a ambaton kuɗi, ba a faɗin lokacin da gida zai zama babu kowa, ba a kiran yaro da cikakken sunansa.

Iyalin da suka sami takardarsu, sai su tsai da zango guda da na ko-ta-kwana, su sa lokacin kunnawa, misali bayan Magariba, su riƙa cika batir duk sa'ad da aka kawo wuta. Sa'an nan a zaɓi ranar Asabar guda, ɗaya ya zauna a gida, ɗaya ya bi hanyar Palladan a ƙafa yana kira kowane minti biyar, a rubuta daidai wurin da murya ta ɗauke.